Tsinke Arba'in da Bakwai

Ranar Lahadi, mako na uku da isowata

Zuwa ga mahaifina abin girmamawa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, tare da ladabin da ya wajaba a kan ɗa ga mahaifinsa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da Yaya da sauran mutanen gida. Yaya ciwon bayan nan naka? Ina fata Inna ba ta fasa gasa maka shi da ruwan ɗumi ba. Ni dai lafiyata ƙalau, sai godiyar Allah.

Dalilin da ya sa na koma ga alƙalami a zamanin da kowa ke riƙe da waya shi ne, sau huɗu ina kiranka, sau huɗu kana amsa sallamata ka miƙa wa Inna. Saboda haka na yanke shawarar in biyo ta bakin Yaya, ta zauna ta karanta maka, don na san ita ba ta miƙuwa ga kowa. Yaya, ki karanta a tsanake, kada ki tsallake manyan kalmomin, da gangan na zuba su.

Ina farin cikin sanar da kai cewa ofishin adana tsofaffin gine-gine ya ɗauke ni aikin wata shida a matsayin jami'in taskace bayanai ta hanyar hoto. A taƙaice, an damƙa min kyamara da maɗorinta mai ƙafa uku, an ce in ɗauki hotunan wasu gine-ginen ƙasa guda biyar da ke tsohuwar unguwa, waɗanda ƙaraminsu ya haura shekara ɗari da hamsin. Babbansu shi ne wanda ake kira Dogon Soro, ɗaki ne mai ginshiƙai takwas da kaurin bangon da ya kai tsawon hannuna. Na riga na tsara jadawalin aiki bisa ingantacciyar ƙa'ida, kuma ina da yaƙinin cewa ofishin bai taɓa samun mai mahanga irin tawa ba.

An ba ni ɗaki a bayan ofis, ginin bulo da rufin kwano. Akwai katifa, da tebur, da kujera ɗaya, wadda ta wadatar tunda babu mai zuwa. Tagar tana kallon bayan wani shagon faci. Da rana ɗakin yakan yi zafi ƙwarai, amma wannan matsala ce ta rashin silin, ba ta siminti ba.

Baba, ba zan yi kamar ban san abin da ke tsakaninmu ba. Ranar da na dawo gida da takardar digirina ta zanen gine-gine, abokan sana'arka magina suka zo taya ka murna, na ƙwanƙwasa bangon ɗakinka da makulli na ce tulin ƙasa ne da ke jiran ruwan sama, kuma da zarar na kama aiki zan sa a rushe shi a ɗora bulo. Ka ce, “Allah ya ba da iko,” ka tashi ka fita. Ranar da zan taho kana saman katangar mutane kana yaɓe, ba ka sauko ba. A ilmance, maganata ba ta da aibi. Iyaka dai zan amince cewa muhallin furta ta bai dace ba.

A nan ma akwai wani dattijo sa'anka da ke kula da gyaran gine-ginen, kowa Magini yake ce masa. Ranar farko ya kalli takalmina, ya kalli kyamarar, ya ce, “To, Malam Digiri, a riƙa duba ƙasa kada a taka mana kwaɓi.” Sunan ya bi ni har wurin mai faci.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sakaci. Kusan kowace tsaga ta bango ka duba sai ka ga an gicciya tsinken tsintsiya a cikinta, wasu har sun yi baƙi don daɗewa. Babu shakka wasan yara ne da ba a taɓa tsawata wa ba. Sun ɓata min hotunan kwana biyun farko baki ɗaya. Jiya Asabar, da yake babu kowa, na bi gine-ginen biyar ɗaya bayan ɗaya na zare su kaf. Guda arba'in da bakwai na ƙirga kafin in zuba su a shara. Yanzu bangon ya fito fes, ya cancanci a nuna wa duniya.

Ina jiran amsarka ta hannun direban da ke zuwa ran Juma'a. A gaishe min da Inna.

Ɗanka mai biyayya,
Masanin Zanen Gine-gine

Ranar Laraba, mako na biyar

Zuwa ga mahaifina abin girmamawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, Inna tana lafiya, Yaya da yaranta duk lafiya. Juma'a biyu na je tasha, direban ya miƙo min ƙullin da Inna ta aiko, na zazzage shi har ƙasa ban ga takarda ba. Na ɗauka aiki ne ya yi maka yawa, tunda lokacin yaɓe ya matso.

Wani al'amari ya faru wanda nake son ka ji shi daga bakina, tare da cikakken bayanin da zai wanke ni.

Washegarin ranar da na rubuto maka, na tarar da Magini yana bin bangon Dogon Soro da tafin hannu. Ashe idonsa ya yi yana, da yatsa yake duba aikinsa. Ya shafa wata tsaga, ya wuce ta gaba, ya dawo ta farkon ya sake shafawa. Sannan ya juyo ya tambaya wa ya share masa bango. Na matso na ce ni ne, har da bayanin cewa na yi hakan ne don daidaita yanayin gani. Ya kife bokiti ya zauna a kai.

Ashe shi ne ke sa tsinkayen. Yakan yanka tsinke daidai faɗin tsaga ya matse shi a ciki. Idan tsagar barci take yi, tsinken zai zauna. Idan tafiya take yi, wato tana ƙara buɗewa, sai ya faɗo. Kowace Litinin yakan zagaya ya shafa su, ta haka yake sanin bangon da zai fara gyarawa kafin damina. Ya ce wanda ke ƙofar gabas ya sa shi ne shekarar da aka haifi 'yarsa ta fari, yanzu 'ya'yanta uku. Ya ce, “Yaro, shekara ashirin da shida ka zare min a yini ɗaya.”

Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa wannan hanya ba ta da madogara a kimiyyance, kuma akwai na'urar zamani da ke auna buɗewar tsaga har zuwa kason milimita. Ya ce tana ina? Na ce a littafi na gan ta. Ya ce, “To, in ka koma ka gaishe ta.” Ma'aikatansa biyu suka yi dariya, shi bai yi ba.

Tun daga ranar ba ya kirana Malam Digiri, ba ya kirana komai. Idan na yi sallama yakan amsa yana kallon kwaɓinsa, amsa irin wadda ka san na sani. Da rana su ukun sukan zauna a inuwar soron su ci abinci a kwano ɗaya, ni kuma in koma ɗakina in ci nawa ina kallon tayoyin mai faci. Ba ƙorafi nake yi ba. Mai ilimi yakan samu kansa a keɓe, wannan sananniyar ɗabi'a ce ta al'umma.

Na biyu kuma, na gabatar wa Darakta hotuna sittin na fuskokin gine-ginen, kowanne an ɗauke shi a madaidaicin kusurwa. Mace ce marar yawan magana. Ta bi su da sauri kamar mai neman wani abu da ya ɓace, ta ce kowane baƙo mai waya yana ɗaukar irinsu kafin ya shiga mota. Ta ce in kawo mata abin da idan ya ɓace gobe babu wanda zai san ya taɓa kasancewa. Sannan ta ƙara da cewa, irin waɗanda na zuba a shara.

Baba, ka san wannan dabarar ta tsinke? Tambaya ce ta nazari kawai.

A gaishe da Inna, a ce mata saƙo ya iso, na gode.

Ɗanka,
Jami'in Taskace Bayanai

Ranar Asabar, mako na tara

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da dukan iyali. Na ji a bakin Inna cewa ciwon bayan ya ɗan yi sauƙi har ka koma hawa tsani. Allah ya ƙara afuwa. A riƙa dai sa wani yana riƙe maka shi daga ƙasa.

Wata guda ke nan ban rubuto ba, ba don fushi ba, sai don ban samu abin alfaharin da zan rubuta ba. Kullum da safe nakan ɗauki kyamara in shiga tsohuwar unguwa ni kaɗai. Na daina ɗaukar maɗorin mai ƙafa uku, domin abubuwan da nake nema yanzu sai na durƙusa, wani lokaci har in kwanta rub da ciki. Wandunana biyu sun koɗe a gwiwa.

Bari in lissafa maka kaɗan daga abin da na samo, ko da yake na san a wurinka ba labari ba ne. A gindin ƙofar tsohon rumbun ajiya akwai dutsen da ƙafar ƙyaure ta ci har ya zama kamar ƙaramin turmi. A wata kusurwa bangon ya yi santsi yana ƙyalli daidai tsayin akuya, don shekara da shekaru awaki suna soso a wurin. Akwai gidan zanzaro guda tara a jere ƙarƙashin wata azara, kuma da na matsa sai na ga ƙasar da ya yi gini da ita daga jikin bangon ya ɗebe ta, ramukan suna nan kusa. Akwai ƙusa mai tsatsa da guntun zare a jikinta, ban san me aka taɓa ratayawa ba, na yi rabin sa'a ina tsaye a gabanta. A inda yaɓe ya ɓantare a bayan Dogon Soro, wani tubali ya fito da sawun ƙafar yaro, yatsu biyar cif. Wanda ya taka shi ya girma, ya tsufa, ya mutu, jikokinsa ma wataƙila sun mutu, sawun yana nan.

Na daɗe a wurin nan. Na tuna lokacin da kake tuɓe min riga ka sa ni cikin ramin kwaɓi in tattaka, kana watsa ciyawa, kana kirana Taka-laka. Na tuna sanyin ƙasar tsakanin yatsuna. Shekara nawa rabon da ka kira ni haka? Ina jin tun da na shiga sakandare na ce a daina, wai abokaina suna ji.

Na kuma gano cewa idan rana ta yi ƙasa haskenta ya bugi bango a karkace, sawun hannun masu yaɓe yakan fito sarai. A bangon yamma na soron na rarrabe hannu uku. Ɗaya bahago ne, shafarsa daga dama take zuwa hagu. Ɗaya gajere ne, shafarsa ba ta yin nisa. Na ukun yana da gaggawa, ko kuwa hadari ne ya taso masa. Ban san sunan ko ɗayansu ba, amma a garin nan su ne waɗanda na fi sabawa da su. Nakan gaishe su a zuciya idan na iso.

Wani abu guda ya ɗan yi daɗi. Ina share tsofaffin hotuna a kwamfuta sai na ci karo da na kwana biyun farko, waɗanda na ce tsinkaye sun ɓata. Na ƙara girmansu na bi su ɗaya bayan ɗaya, na samu tsinke talatin da ɗaya a mazauninsu, ana ganin wanda ya yi baƙi da wanda yake sabo. Na wanke su manya na kai wa Magini. Ya kai su dab da idonsa, bai iya gani ba, sai ya ce in faɗa masa. Na zauna a ƙasa kusa da bokitinsa ina faɗa, yana cewa wannan na shekara kaza ne, wannan bayan ruwan da ya rushe katangar makaranta ne, ni kuma ina rubutawa a bayan kowane hoto. Da muka gama ya ce, “Saura sha shida.” Ya karɓi hotunan ya sa a aljihu.

Shekaranjiya 'yarsa ta zo ta tafi da shi asibitin ido a wani gari, za a cire masa yanar. An ce zai yi wata biyu. Ma'aikatansa sun tafi wani aikin kafin ya dawo. Yanzu ko amsar sallamar nan ta dole babu mai yi min.

A gaishe da kowa.

Ɗanka

Ranar Alhamis, mako na goma sha ɗaya

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya, Inna da Yaya suna lafiya. Yaya, wannan karon babu manyan kalmomi, ki karanta masa yadda take.

Ina cikin damuwa. A bangon arewa na Dogon Soro akwai tsaga da ta taso daga kusan tsakiyar bango ta gangaro har tsayin ƙirjina. Tana cikin sha shidan da ba su fito a hotunana ba, don haka ban san ko da can barci take ba. Bayan tafiyar Magini na sayi tsintsiya, na yanka tsinkaye na mayar a duk tsagogin yadda na ga ya kwatanta. Duk sun zauna, ban da na wannan. Kwana huɗu na tarar da shi a ƙasa. Na ce ko iska ce, na yanka wani na matse shi sosai. Kwana biyar ya faɗo. Na ukun da na yanka ya fi na farkon tsawo, na jera su a tafin hannuna na gani da idona.

Jiya hadari ya haɗu a gabas ya watse. Darakta ta kira ni ta ce tunda Magini ba ya nan, kuma ni ne mai takardar gini a ofishin, in rubuto mata abin da za a yi kafin ruwa ya sauka. Na koma ɗaki na buɗe littattafaina huɗu. Akwai babi a kan ƙarfe, akwai a kan kankare, akwai a kan gilashi. Ginin ƙasa shafi ɗaya da rabi ne, kuma rabin hoto ne. Abin da na sani kawai shi ne in ce a cusa siminti a tsagar, amma hannuna ya ƙi rubutawa. Idan na yi kuskure, bangon da ya yi shekara ɗari biyu a tsaye zai faɗi a wata na uku da zuwana.

Da na zauna ina juya tsinkayen nan sai wani abu ya faɗo min. A ɗakinka, sama da ƙofa ta hannun hagu, akwai tsinke a gicciye. Tun ina yaro yake nan. Na tuna ranar da Inna ta ɗaga tsintsiya za ta share yanar gizo a wurin ka ce mata ta bar nan. Shekara ashirin ina shiga ina fita ta ƙarƙashinsa ban taɓa tambaya ba. Bangon da na ƙwanƙwasa da makulli ke nan. Kai kana sauraronsa tun kafin in iya tafiya, ni na zo da takarda na yanke masa hukunci a gaban abokanka.

A wasiƙata ta farko na ce maganata ba ta da aibi, wurin faɗarta ne bai dace ba. Ba haka ba ne. Maganar ce ba ta da kyau, ko a ɗaka na faɗe ta daga ni sai kai. Da wannan ƙasar ka ciyar da ni, da ita ka kai ni makarantar da na dawo ina yi maka gadara da ita. Na ci mutuncinka, na ci mutuncin hannunka. Ka yafe min, Baba.

Ga hotuna uku na sa a ciki. Na farko tsagar ce daga kusa, da rula a gefenta. Na biyu daga gefe, don ka ga ko bangon ya yi ciki. Na ukun bangon ne gaba ɗaya tun daga ƙasa har sama, na sa shi ne kawai don ka gane wurin. Ba a matsayin jami'i nake tambaya ba. Ban san abin da zan yi ba, kuma babu wanda zan tambaya sai kai.

Ko ba ka yafe ba tukuna, ka duba saboda bangon.

Ɗanka

Ranar Juma'a, mako na goma sha biyu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Wannan taki ce ke kaɗai, kada ki karanta wa kowa.

Yanzu na dawo daga tasha. Direban ya gan ni tun daga nesa ya girgiza kai, har ya fara jin kunyata. Don Allah ki faɗa min gaskiya: kina karanta masa kuwa? Yana zama ya ji, ko tashi yake yi? Idan na kira Inna sai ta ce in yi haƙuri, kin san ta, ko gida na ci da wuta haƙuri za ta ce. Idan ba ya son ji, ki daina, kada in riƙa takura wa tsoho da surutuna. Ki ajiye takardun a akwatinki.

An yi yayyafi shekaranjiya. Na je na tsaya a gaban bangon har ya ɗauke, kamar tsayuwata za ta riƙe shi. Darakta ta ba ni zuwa ƙarshen mako mai zuwa.

Rabon da in yi magana mai tsawo da wani tun ranar da Magini ya tafi. Jiya na kama kaina ina yi wa ƙadangare bayanin aikina.

Ƙaninki

Ranar Lahadi, mako na goma sha shida

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi. Ina fata ka tashi lafiya, da Inna, da Yaya wadda na ɗora wa wahalar karatu wata uku. Allah ya saka mata.

Saƙonka ya iso ranar Talatar da ta bi wasiƙar da na yi wa Yaya, a hannun wani fasinja, don an ce ka ƙi jiran Juma'a. Na buɗe ambulan a tsaye a bakin titi. Hotunana uku ne suka dawo. Na juya na farko, wanda na fi wahala a kansa, babu komai. Na biyu ma haka. Na ce an mayar min da kayana ke nan. Sai na ga na ukun, wanda na sa don kawai ka gane wurin. Can sama a kusurwar dama, nesa da tsagar da kusan taku huɗu, ga tambarin babban yatsa da jar laka. Na gane shi tun kafin in gane abin da yake nufi, domin ga layin tabon nan da fartanya ta yi maka ya raba shi biyu.

A bayan hoton Yaya ta rubuta cewa sau biyu ka sa ta karanta maka, ka karɓi hotunan ka yi kwana da kwanaki kana fita da su hasken rana, ranar ƙarshe ka je ramin kwaɓi ka dawo da yatsa a jiƙe. Ta ce abin da ka faɗa ke nan, ba ta ƙara ba ta rage ba: “Ki ce wa Taka-laka ya daina kallon tsagar, ya hau sama.”

Na ari tsani wurin mai faci, shi ya riƙe min. A daidai inda yatsanka ya sauka akwai indararo, wanda a hoton bai fi ƙwayar gero ba. Na tarar bakinsa a toshe da sheƙar tsuntsu da busasshen ganye. Wannan mai sauƙi ne. Babban abin shi ne, wani mai irin ilimina ya taɓa zuwa shekarun baya ya daɓe kewayen indararon da siminti. Simintin ya rabu da ƙasar, ya bar rata da hannuna ke shiga. Duk ruwan da ya sauka a rufin, maimakon ya fita waje, ta nan yake bi ya shige cikin bango. Na zura hannu na damƙo ƙasa a jiƙe, alhali yayyafi ɗaya aka yi.

Na zauna a kan rufin nan na daɗe ban sauko ba, har mai faci ya yi ta kira yana tambaya ko na mutu ne ya tafi da tsaninsa.

Na rubuta wa Darakta rahoto mafi gajarta a rayuwata, layi shida. Ta sa aka nemo ma'aikatan Magini, muka fasa simintin, muka bar wurin ya sha iska, suka kwaɓa ƙasa da ciyawa. Na tuɓe takalmi na shiga ramin. Suka tsaya suna kallona, ɗayan ya ce ashe Malam Digiri yana da ƙafa. Da rana suka matsa min wuri a bakin kwano.

Na yanka tsinke na huɗu na sa. An yi ruwa mai ƙarfi sau biyu tun daga nan, na tsaya a ƙasa na ga indararon yana zubarwa waje kamar bakin buta. Yau kwana goma sha shida, tsinken yana nan. Na san kwana sha shida ba shekara ashirin da shida ba ne, kuma sha shidan da na zubar wa Magini ba za su dawo ba. Idan ya dawo da sabon ido zan kai shi ya gani, in faɗa masa wanda ya nuna min.

Darakta ta zaɓi hotuna arba'in da za a ajiye a taskar ofis: dutsen ƙyaure, gidan zanzaro, sawun yaron nan, hannun bahago. Ta ga hoton da ka dangwala a kan teburina ta ce a haɗa da shi. Na ce mata wannan ba na ofis ba ne.

Baba, ta ba ni hutun kwana biyar daga Juma'a mai zuwa. Inna ta ce min kowa ka yi wa yaɓe bana ban da ɗakinka, ka ce bayanka ba zai bari ka tattaka ƙasa ba, kuma ka ƙi a kira kowa. Don Allah a jiƙa ƙasar tun ran Laraba, a bar min ita. Ƙafafuna sun yi laushi, za ka yi ta faɗa kafin su tuna, amma zan taho da tsohon wando. Kuma kada kowa ya taɓa tsinken da ke saman ƙofa, ina son in ɗauke shi hoto, in kuma ji shekarar da ka sa shi.

A gaishe da Inna, a ce mata ta daina cewa in yi haƙuri, na kusa zuwa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Taka-laka